Canon 5D Mark III da Mark IV: me ya bambanta sensar tsohuwa da ta sabuwa?

Mai ɗaukar hoton biki a Zango ko Birni, idan ya tara ƴan kuɗi yana son barin ƙaramar kyamara ya koma babba, da wuya ya nemi sabuwa dal. Ta gwanjo yake nema, ko ta fito daga Kano, ko daga Yamai, ko wani ɗan'uwa ya riƙo masa daga Turai. Cikin sunayen da zai ji akwai biyu ƴan gida ɗaya: Canon EOS 5D Mark III da ƙanwarta Mark IV. A ido kamar tagwaye suke, lens iri ɗaya suke ɗauka, batir ɗin wannan yana shiga waccan. Amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma mai sayarwa zai ce ƙarin kuɗin na megafiksel ne, 30 maimakon 22. Lissafin nasa daidai ne, sai dai ba a nan babban bambancin yake ba. Wanda zai zuba jarinsa gaba ɗaya a kan kyamara guda ya kamata ya san abin da yake saye.

Mece ce sensa?

Sensa, wadda waɗanda suka yi lakkwal suka sani da capteur, ɗan faifai ne da ke bayan lens, a daidai wurin da fim yake zama a kyamarar da. An jera masa miliyoyin ƙananan ramuka da ake kira fiksel. Kowane ɗaya kamar roba ce da aka ajiye a tsakar gida ana ruwan sama: labulen kyamara ya buɗe, haske ya zuba, labule ya rufe, sai a auna abin da kowace roba ta tara. Fiksel ba ya ganin launi da kansa. An rufe kowane ɗaya da ɗan matacin launi, rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, sannan kyamara ta lissafa ainihin launin kowane ɗigo daga na maƙwabtansa.

Idan aka ce kyamara mai cikakkiyar sensa ce, abin da Faransawa ke kira plein format, ana nufin girman faifan milimita 36 ne a 24, daidai da girman hoto ɗaya a fim mai milimita 35 da kyamarar Leica ta yaɗa tun 1925. Ƙananan kyamarorin Canon irin su 600D da 700D sensarsu milimita 22.3 ce a 14.9, wato cikakkiyar ta ninka ta fiye da sau biyu da rabi wajen fili. Fili mai yawa yana tara haske mai yawa, shi ya sa hoton dare ya fi tsabta.

Gidan 5D ya fara a 2005. Mark II ta 2008 ce ta yi suna saboda bidiyo mai 1080, har masu shirya fina-finai suka rungume ta. Mark III ta fito a watan Maris na 2012, Mark IV kuma a watan Agusta na 2016, kowacce a kan dalar Amurka 3,499 ranar fitowarta. Girman sensarsu ɗaya ne. Abin da aka gina a kan faifan ne ya canza.

Maganar megafiksel

Mark III tana da megafiksel 22.3, hotonta ɗigo 5760 ne a 3840. Mark IV tana da 30.4, ɗigo 6720 a 4480. A jimla ƙarin ya kai kashi 36 cikin ɗari, amma ido ba jimla yake gani ba, tsawo da faɗi yake gani, kuma a nan ƙarin bai kai kashi 17 cikin ɗari ba. Idan za a wanke hoto da ingancin ɗigo 300 a kowane inci, na tsohuwar zai kai wajen santimita 49 a 33, na sabuwar 57 a 38. Hoton amarya da za a sa a firam a rataye a falo, ko kalandar ɗan takara, ko albam ɗin suna, duk tsohuwar ta ishe su. Wanda kuma zai ƙare a WhatsApp, manhajar da kanta za ta matse shi ta zubar da mafi yawan abin da aka biya kuɗi dominsa.

Inda ƙarin yake da amfani shi ne yanka. Mai hoton da ƴan sanda ko cunkoso suka hana matsowa kusa da mahaya, zai iya yanke tsakiyar hoton Mark IV ya bar gefe, kuma ya samu abin wankewa. Amma akwai kuɗin da ake biya. Ɗanyen hoto ɗaya na Mark III yana cin wajen megabait 27, na Mark IV wajen 37. Kati yana saurin cika, tsohuwar kwamfuta tana jan ƙafa, kuma lens mara kyau ko hannu mai rawa sun fi tonuwa a sensa mai ƙananan fiksel.

Farar riga da baƙar fuska

Ga inda maganar take. A ɗauki hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, rana ta take, musamman yanzu da ƙaramar salla take faɗowa cikin bazara. Ga mahayi da farar babbar riga mai sheƙi, ga rawani ya yi wa fuskarsa inuwa, ga jajayen kayan dogarai, ga ƙura ta tashi. Idon mutum yana ganin aikin da ke jikin rigar, yana kuma ganin idon mahayin a lokaci ɗaya. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Idan aka buɗe ta don fuska ta fito, riga ta ƙone ta zama farin fili babu zare ko ɗaya. Idan aka rage don a ceci riga, fuska ta nutse cikin duhu. Haka abin yake a tsofaffin gidajen Zango masu zane a bango: dattijo yana zaune cikin zaure, bayansa ƙofa a buɗe rana tana dukan titi.

Tazarar da sensa ke iya riƙewa tsakanin mafi haske da mafi duhu a hoto ɗaya, ita ake aunawa da mataki, kuma kowane mataki ninki biyu ne na haske. Kamfanin DxOMark na Faransa, wanda ke gwada sensa a ɗakin bincike, ya ba Mark III mataki 11.7, ya ba Mark IV 13.6. A rubuce kamar ƙaramin abu ne. Amma mataki kusan biyu yana nufin sabuwar tana iya tsamo abu daga inuwar da ta fi duhu kusan sau huɗu.

Dalilin yana cikin wayoyin kyamara. Abin da fiksel ya tara ɗan lantarki ne mai rauni ƙwarai, kuma sai an juya shi zuwa lamba kafin ya zama hoto. Na'urar da ke wannan aiki ana kiranta ADC, a ɗauke ta a matsayin tafinta. A Mark III tafintan yana wajen sensa, a kan wani faifai daban, don haka ɗan lantarkin nan sai ya yi tafiya, kuma a hanya yana kwasar datti. A wuri mai haske dattin ba ya komai, saboda saƙon ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. A cikin inuwa kuwa saƙon da dattin kusan ƙarfinsu ɗaya. Shi ya sa idan aka ɗauki hoton Mark III aka yi ƙoƙarin haskaka inuwarsa sosai a kwamfuta, sai yashi-yashi mai launin ja da kore ya bayyana, wani lokaci har da layuka kamar saƙar tabarma. A Mark IV an ɗora tafintan a kan sensar kanta, saƙon yana zama lamba tun kafin ya bar gida.

Canon ta makara a wannan fanni. Sony ta riga ta da shekaru, kuma Nikon D800, wadda ta fito shekara ɗaya da Mark III, ta samu mataki 14.4 a gwajin na DxOMark. Sai a 2016, da 1D X Mark II da 80D da kuma Mark IV, Canon ta rage ratar.

A aikace, mai Mark IV zai iya auna haskensa a kan farar riga, ya bar fuska ta yi duhu, daga baya ya ɗaga ta da mataki biyu ko uku fata ta fito sumul. Mai Mark III yana da wajen mataki ɗaya zuwa biyu kafin datti ya fara nuna kansa. Ga wanda kusan duk mutanen da yake ɗauka baƙaƙe ne cikin fararen kaya a ƙarƙashin ranar Sahel, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar ma ta girmi kyamarar zamani. Shekaru da dama ɗakunan wanke hoto suna daidaita launinsu da katin Kodak mai hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley, kuma binciken da Lorna Roth ta jami'ar Concordia da ke Kanada ta wallafa a 2009 ya nuna cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita daidai, yana cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa wajen launuka masu duhu. Sensa ba ta san launin fatar kowa ba, amma wadda ta fi riƙe inuwa ta fi yi wa baƙar fuska adalci.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne mai sayarwa ba zai faɗa ba. Wannan riba tana cikin ɗanyen hoto ne, wato RAW, wanda a kyamarorin nan biyu yake fitowa da sunan CR2. JPEG dafaffen hoto ne: kyamara ta riga ta yanke hukunci, ta zubar da mafi yawan abin da ke cikin inuwa. Mai hoton da ke ɗauka a JPEG ya zare kati ya kai wurin wanki kafin a tashi daga biki, don ya sayar wa mahalarta nan take, kusan bai taɓa abin da ya biya ƙarin kuɗi dominsa ba. RAW yana son kwamfuta, da manhaja (Digital Photo Professional ta Canon kyauta ce), da lokaci, da wutar lantarki. Wanda ba shi da waɗannan, ko ba shi da niyyar zama gyaran hoto, Mark IV ba za ta canza masa aiki sosai ba.

Mai Mark III kuma ba a bar shi hannu rabbana ba. Ɗan hasken filasha da rana tsaka yana cike inuwar rawani. Farin ƙyalle ko farin kwali da yaro zai riƙe daga gefe yana mayar da haske kan fuska. A cikin saitin kyamarar akwai wanda ke nuna alamar D+, mai kare wurare masu haske daga ƙonewa, ko da yake yana ɗan ƙara yashi a inuwa. Masu hoton da suka yi aiki da fim sun san duk waɗannan dabaru tun kafin a haifi 5D. Matsalarsu ɗaya: doki a guje ba ya jiran a riƙe masa kwali.

Da dare fa?

Nan mutane da yawa suke zaton sabuwar za ta yi fintinkau, kuma nan ne ratar ta fi ƙanƙanta. ISO shi ne ƙara wa saƙon sensa ƙarfi idan haske ya yi kaɗan. Idan aka ɗaga shi zuwa 3200 ko 6400, kamar a wurin kamu ko zaman ango da ƙwai biyu ke haskawa, ana ƙarfafa saƙon tun kafin ya kama hanyarsa zuwa tafinta, don haka dattin hanya ba ya da tasiri kamar da. Yashin da ya rage na ƙarancin hasken ne kansa, kuma tunda filin sensar biyu ɗaya ne, hasken da suke tarawa kusan ɗaya ne. A ma'aunin DxOMark na ƙarancin haske Mark III ta samu 2293, Mark IV 2995, abin da bai kai rabin mataki ba. ISO na yau da kullum a tsohuwar yana tsayawa a 25600, a sabuwar 32000, dukansu kuma ana iya tura su zuwa 102400, inda hoton ba ya da kyan da za a miƙa wa mai biki.

Akwai masu cewa tsohuwar ta fi da dare saboda fiksel ɗinta ya fi girma, maikiron 6.25 a kan 5.36. Idan aka zuƙo hoto a allo ana duba ɗigo ɗaya-ɗaya, maganar tana da ɗan kamshin gaskiya. Idan aka wanke su a girma ɗaya, ta ɓace. Lens mai faɗin ƙofa, irin 50mm f/1.8 mai araha, zai yi wa hoton dare abin da sauya kyamara ba zai yi ba: daga f/4 zuwa f/1.8 an samu fiye da mataki biyu.

Wani ɗan taimako da sabuwar ke da shi a biki: tana gane ƙyaftawar fitila, ta jira daidai lokacin da haske ya cika kafin ta saki labule. Tsohuwar ba ta da wannan.

Fiksel mai ido biyu

Canji na biyu a jikin sensar ya fi shafar masu bidiyo. A Mark IV an raba kowane fiksel gida biyu, hagu da dama, fasahar da Canon ta kira Dual Pixel ta kuma fara sakawa a 70D a 2013. Kamar yadda idanu biyu ke ba mutum damar gane nisa, haka rabin nan biyu suke gaya wa kyamara inda za ta juya lens. Sakamakon shi ne tana bin fuska da fokas ana cikin ɗaukar bidiyo, kuma taɓa allo ya isa a mayar da fokas daga ango zuwa amarya. Mark III ba ta bin mutum a bidiyo. Da hannu ake juya lens, kuma duk wanda ya gwada bin ayarin kai amarya da hannu a f/2.8 ya san yawan abin da ake zubarwa. Ga mai aiki shi kaɗai, ba mataimaki, wannan kaɗai yana iya biyan bambancin kuɗin.

4K ɗin da aka rubuta a kwalin Mark IV kuwa, a yi hattara da shi. Ba duk faɗin sensar yake amfani da shi ba, tsakiya kawai yake yanka, har lens mai 24mm ya koma kamar 42mm, wanda a ƙaramin ɗakin amarya bala'i ne. Ga cin wuri: wajen megabit 500 a daƙiƙa, wato katin gigabait 64 ba ya kai minti 20. A 1080 kuwa tana ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa, inda tsohuwar ta tsaya a 30.

Sabuwa ba kullum take fin tsohuwa ba

Kada a ɗauki labarin 5D a shafa wa kowace kyamara. Canon 6D ta 2012 da 6D Mark II ta 2017 su ma cikakkiyar sensa gare su, kuma sun fi araha, don haka mai neman ta gwanjo zai iya cin karo da su. Sabuwar ta ƙaru daga megafiksel 20.2 zuwa 26.2, ta samu Dual Pixel da allo mai juyawa, amma wajen riƙe haske da inuwa ba ta matsa ba: DxOMark ya ba tsohuwar 12.1, sabuwar 11.9. Wanda ya sayi 6D Mark II yana zaton ya samu inuwar 5D Mark IV a farashi mai sauƙi, ya yi kuskure. Wadda ta gaji sensar Mark IV kusan kai tsaye ita ce EOS R ta 2018, kyamarar Canon ta farko mai cikakkiyar sensa marar madubi, kuma tana karɓar tsofaffin lens na EF ta hanyar ɗan zoben haɗi. Komawar da masu hoto a Turai da Amurka suka yi zuwa marasa madubi tana cikin abin da ya cika kasuwar gwanjo da 5D.

Zafi, ƙura, da abin dubawa kafin a biya

Canon ta rubuta cewa kyamarorin biyu an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 40. A Damagaram watan Afrilu da Mayu suna wuce haka a inuwa ma. Zafi yana ƙara yashi a hoto, musamman a dogon bidiyo ko ɗauka mai jinkiri, kuma baƙar kyamara da aka bari a kan kujerar mota ko tankin babur tana zafi fiye da iskar da ke kewaye da ita. Wannan bai bar tsohuwa ko sabuwa ba.

Ƙurar hunturu ma haka. Duka biyun suna girgiza gilashin da ke gaban sensa idan an kunna ko an kashe su, amma ƙurar da ta manne ba ta jin girgiza. Sauya lens a fili ranar da hazo ya sauka, ko a tsakiyar kasuwar Dole, gayyatar ƙura ce. Ba a hura sensa da baki, ba a goge ta da gefen riga. Ɗan famfon roba na hura iska ake amfani da shi, kyamara tana kallon ƙasa.

Kyamarar gwanjo tarihinta ya fi sunanta muhimmanci, kuma Mark III ta farko yanzu ta haura shekara goma. Mai saye ya tafi da katinsa da kwamfuta idan da hali. Ya rufe ƙofar lens zuwa f/16 ko f/22 ya ɗauki sararin sama ko farin bango: ɗigon ƙura zai fito baƙi-baƙi kuma yana gogewa, amma dogon layi siriri yana iya zama ƙarzuwa, wadda gyaranta sai an canza gilashin. Sannan ya rufe lens da murfinsa ya ɗauki duhu na daƙiƙa kaɗan a ISO 1600, ya zuƙo: ɗigo ja ko shuɗi ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma layi da ya ratsa hoton daga sama zuwa ƙasa alamar sensa ce mai ciwo. Labulen kyamarorin biyu an ƙiyasta masa ɗauka 150,000, kuma Canon ba ta nuna adadin da aka riga aka ci a cikin saitin kyamara. Sai an haɗa ta da kwamfuta da manhajar da ke karanta shi. Gwaji na ƙarshe a ƙofar shagon za a yi shi: a tsayar da mutum mai farar riga a bakin inuwa, a ɗauka a RAW da ISO 100 yadda rigar ba za ta ƙone ba, a buɗe a kwamfuta a ɗaga hasken da mataki uku, a dubi kumatunsa.